Gyaran Kayan Ƙuruciya Domin 'Ya'ya da Jikoki

 

Da wuya a sami gidan da ya shekara 40 ana haihuwa a cikinsa, a birni ne ko a ƙauye, wanda idan aka leƙa lungun bayan ɗakin uwargida, ko ƙarƙashin rumbu, ko ɗakin ajiyar nan da ba a buɗewa sai za a yi biki, ba za a tarar da wani abu daga kayan ƙuruciyar masu gidan ba: ko dai 'yar kujerar tsugunno wadda yarinya ta koyi tankaɗe da tuƙin tuwo a kanta, ko akwatin ƙarfen da aka kai yaro makarantar kwana da shi, har yanzu da sauran harufan sunansa a jikin murfi, ko teburin karatun da ƙafa guda ta gurɗe, ko kuwa gadon jaririn da 'ya'yan gidan suka kwana a ciki ɗaya bayan ɗaya, yau ga shi ya zama matattarar tsummoki. Abin da nake so mu duba tare shi ne, shin ya kyautu a fito da irin waɗannan kaya a gyara su domin 'ya'ya da jikoki, in kuwa ya kyautu, waɗanne haƙƙoƙi ne suka rataya a wuyan mai gyaran.

Kafin mu kai ga hukunci, ya kamata mu san asalin kayan. Kakanninmu ba mutane ne masu cika ɗaki da katako ba, domin tabarma da buzu da gadon kara, da gadon ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa idan hunturu ya tsananta, su ne suka wadace su ƙarni bayan ƙarni. Abin da kuwa ya zama dole a yi shi da itace, kamar turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da allon karatu, masassaƙi ne ke fitar da shi da gatari da gizago daga gungume guda, ba ƙusa ba gam, yana zaɓar wa kowane aiki itacen da ya dace da shi, ƙirya domin turmi saboda taurinta, aduwa domin allo saboda santsin fuskarta da jure wanki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai yankakken katako daga kurmin kudu, da ƙusa da fenti da gadon ƙarfe, suka fara samun hanyar shigowa ƙasar Hausa a sauƙaƙe, kafinta ya kafa rumfarsa kusa da ta masassaƙi, ma'aikatan En'e da malaman makaranta suka fara sayen tebur da kujera mai jingina. Daga baya kuma, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, kabad mai madubi da gado mai rumfa da gadon jariri suka zama abin da ake auna kayan ɗakin amarya da su. Ke nan abin da ke jibge a gidajenmu aikin hannu uku ne, na masassaƙi da na maƙeri da na kafinta, kowanne kuwa da irin gyaran da ya dace da shi.

Hujja ta farko da ke goyon bayan gyara ita ce ingancin itacen kansa. Wanda duk ya zagaya kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, ko kasuwar Katako ta Yamai, ya tambayi tsofaffin 'yan kasuwa, zai ji cewa busasshen maɗaci ko kawo ko loko mai faɗi, irin wanda ake yi wa ƙaramin ma'aikaci tebur da shi a da, yau sai mai hali, shi ma sai ya yi cigiya. Dalili kuwa a fili yake, domin bishiyar da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa yanka, an yi ta sare ta ba tare da an dasa madadinta ba. Maɗobiya kaɗai ta isa misali, wadda 'yan kasuwa suka yi ta kwasa daga dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har ta kai a 2016 aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya ke sa ido a kan cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Abin da ya maye gurbin waɗannan itatuwa a galibin shagunan kayan ɗaki shi ne garin katako da aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe shi da leda mai ƙyalli, wanda yake da kyan gani ranar jere, amma idan ruwan wanke-wanke ya kwanta a gindinsa sai ya kumbura ya sake kamar burodin da ya faɗa shayi, ba ya kuma karɓar gyara. Saboda haka wanda ya jefar da teburin maɗaci mai gurɗaɗɗiyar ƙafa domin ya sayo irin wannan, ya bayar da abin da zai kai jikokinsa ya karɓi abin da ba lalle ne ya kai yaye ba.

Hujja ta biyu daga addini take. Alƙur'ani mai girma ya yi hani ga isirafi da almubazzaranci a wurare da dama, malamai kuma sun bayyana cewa tozarta dukiya mai amfani, komai ƙanƙantarta, yana cikin abin da shari'a ta ƙi. Ya zo a hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yakan gyara takalminsa ya ɗinke tufarsa da hannunsa mai albarka. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne. Imam Buhari kuma ya kawo labarin mumbarin masallacin Madina, wanda wani kafinta, bawan wata mata, ya haɗa shi da itacen dajin Gaba da ke wajen gari. Idan fiyayyen halitta bai ga ƙasƙanci a cikin gyaran takalmi ba, idan kuma akwai annabin da ya ci abinci da sassaƙa, to, kunyar da wasunmu ke ji kada a ce jaririnsu yana kwana a tsohon gado, kunya ce da ba ta da madogara sai tsoron bakin mutane, wanda kuwa ya biye wa bakin mutane a wajen kayan suna, bashi ne zai yi masa rakiya har ranar yaye.

Hujja ta uku ta tarbiyya ce. Yaron da ya tashi yana ganin duk abin da ya tsage ana jefarwa, duk abin da ya dushe ana sauyawa, da wuya ya san ƙana'a idan ya girma, da wuya kuma ya iya haƙuri da abin da ke bukatar lallashi, ko kaya ne ko zumunci. Amma yaron da aka zaunar a gefe yana riƙe wa mahaifinsa ƙusoshi, ya ga yadda kujerar da jiya take rangaji yau ta tsaya da ƙafafunta, aka kuma gaya masa cewa a kanta kakarsa ta yi wankan jegon mahaifinsa, ya koyi darasi biyu a zama ɗaya, wato cewa abin da ya lalace yana gyaruwa, da cewa shi kansa yana da asali. Almajirai sun riga mu sanin wannan, domin allon aduwa yakan wuce daga wa zuwa ƙane, a wanke shi, a goge, a shafa masa farar ƙasa, ƙaramin ya fara baƙi a inda babban ya yi sauka.

To, amma jama'a, da tsohuwar zuma ake magani idan ba ta gurɓata ba, kuma akwai sharuɗɗa uku waɗanda idan ba a cika su ba, gyaran kan iya komawa mafsada alhali maslaha aka nufa.

Sharaɗi na farko shi ne halaccin mallaka. Da yawa daga cikin kayan nan na mamata ne, abin da mamaci ya bari kuwa, daga gona har zuwa ludayi, tarika ce da ke da magada, kowa da rabonsa kamar yadda babin fara'ili ya shimfiɗa a Risala ta Ibn Abi Zaid da sauran littattafan Malikiyya. Kasancewar abu ya tsufa, ko ba wanda ya waiwaye shi shekara da shekaru, ba ya mayar da shi halal ga wanda ya riga kai hannu. Sau da yawa kujerar da ba wanda ya damu da ita tana cikin ƙura, ranar da aka ga ta fito fes a ɗakin wani, ranar ce za a tuna cewa ta Inna ce, a fara ƙananan maganganu. Maganin wannan ba shi da tsada. Mutum ya tashi ya je wurin 'yar'uwarsa, bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, kujerar nan ta Inna da ke bayan ɗaki, in kin yarje mini ina so in gyara wa takwararta." Galibi amsar da zai ji ita ce, "Ɗauki mana, ƙanena, na yafe rabona, Allah ya jiƙan mai ita." Haka zai bi sauran magada ɗaya bayan ɗaya, in kuwa akwai maraya ƙarami a cikinsu, wanda yafewarsa ba ta inganta a shari'a, sai a yi wa abin ƙima a ajiye masa haƙƙinsa.

Sharaɗi na biyu, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne lafiyar yaron da za a ba kayan. A nan ina roƙo a ƙara lura sosai. Tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya da ruwan lemo, sau da yawa akwai dalma a cikinsa, wadda masu haɗa fenti ke sakawa domin launi ya fito kuma ya bushe da wuri. Amurka ta hana amfani da irin wannan fenti a gidaje da kayan yara tun 1978, amma a ƙasashe da yawa an ci gaba da sayar da shi shekaru masu yawa bayan nan. Mu kuwa ba baƙi ne ga sharrin dalma ba, domin a 2010 likitocin ƙungiyar MSF sun gano annobar da ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sakamakon niƙa dutsen zinariya mai haɗe da dalma a cikin gidaje. Abin da ke jikin fenti bai kai wancan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa; tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta kawo ƙarancin jini, galibi ba tare da wata alama da uwa za ta gani da ido ba. Jaririn da haƙora ke yi wa ƙaiƙayi kuwa, ba abin da ya fi so kamar gatsar bakin gado.

Saboda haka duk tsohon fentin da ba a san asalinsa ba, a ɗauke shi a matsayin mai dalma. Kada a kankare shi a busashe a tsakar gida inda ake shanya gari da kuka, kada kuma a babbake shi da wuta kamar yadda wasu ke yi domin sauri, tun da hayaƙin ma guba ne. A fitar da kayan waje nesa da madafa, a shimfiɗa leda a ƙasa, a riƙa yayyafa ruwa ana kankarewa domin ƙura ta kwanta, mai aikin ya rufe hanci da baki, yara da mata masu juna biyu su nisanci wurin. Idan an gama a naɗe ledar da abin da ta tara a kai inda yaro ko akuya ba za su tona ba, mai aikin ya wanke tufafinsa daban, ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa. Sabon fentin da za a shafa kuma, a nemi wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa ba dalma, fentin ruwa ya fi aminci ga kayan yara, a kuma bar shi ya sha iska har warin ya ɗauke sarai.

Bayan fenti sai siffar kayan. Gadon jariri irin na da yakan zo da sanduna masu tazara, inda jikin jariri zai iya zurarewa kansa ya maƙale. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce kada tazarar ta wuce santimita 6, hanya mai sauƙi ta gwaji kuwa ita ce, idan gwangwanin lemo ya shige tsakanin sanda da sanda, to, sai kafinta ya ƙara sanduna. Gadon da ake zuge gefensa sama da ƙasa, wanda Amurka ta hana sayarwa a 2011 bayan ya yi sanadin mutuwar jarirai, a ɗaure gefen nan da noti ya tsaya cak. Katifa kam a sayi sabuwa, mai tauri, wadda ta cika gadon har yatsu fiye da biyu ba sa shiga tsakaninta da katako. Akwati mai nauyin murfi, ko mai makullin da ke datse kansa, a cire makullin a huda masa kafofin iska, domin yara na son ɓuya a wasansu. Kabad mai tsawo kuma a ɗaure shi da bango, saboda yaron da ya fara tafiya yakan ja aljihun kabad ya taka ya hau.

Sharaɗi na uku shi ne kyautata aikin, domin abin da aka yi shi da ha'inci ba ya daɗewa ko da katakon na ƙwarai ne. Ku tsaya wata rana a rumfar tsohon kafinta ku ga yadda yake karɓar irin wannan aiki. Ba ya fara da guduma. Zai juya kujerar ya kifa ta, ya ƙwanƙwasa kowace ƙafa da bayan yatsa yana saurare, domin katakon da gara ta cinye cikinsa amonsa daban ne; zai duba ko akwai ƙananan ramuka da gari mai laushi yana zubowa, alamar ƙwaro na ciki har yanzu, in ya gani sai ya naɗe ta a baƙar leda ya ajiye a ranar bazara kwana biyu ko uku. Gaɓar da ta saki ba ya danna mata ƙusa, tun da ƙusa kan tsaga busasshen katako; zai zare ta a hankali, ya kankare tsohon gam har katako ya fito, ya shafa sabo, ya mayar, sa'an nan ya ɗaure da tsohuwar robar tayar keke ya bar ta ta kwana. Kashegari, bayan an kankare tsohon fentin da ruwa kamar yadda muka faɗa, ya ɗauko samfefa, ya fara da mai kaushi lamba 80, ya koma 120, ya ƙare da 220, kullum yana bin jijiyar katakon ba ya gitta ta, har jan maɗacin nan da fenti ya ɓoye shekaru ya bayyana. A nan ne zai ɗago kai ya ce, "Maigida, wannan ba ya son fenti, mai kawai za a shafa masa." Ku karɓi shawararsa. Kujerar masassaƙi da akushi, man kaɗe da kakin zuma sun ishe su. Gadon ƙarfe kuwa, a kai wa mai walda ya kama inda ya karye, irin su suna nan birjik a Panteka ta Kaduna da kowace kasuwar gari, a goge tsatsa da buroshin waya, a fara shafa fentin hana tsatsa kafin na ado. A kuma lura da lokaci, domin ƙurar hunturu kan manne a ɗanyen fenti, laimar damina kuma kan hana shi bushewa.

Kada kuma son gyara ya kai mu ga shafe duk wata alama ta shekaru. Lotsawar da zaman shekara da shekaru ya yi wa kujera, da sunan da yaro ya ƙwaƙula da ƙusa a gefen tebur aka yi masa faɗa a kai, a bar su, matuƙar ba tsini ko sartse da zai ji wa wani ciwo, domin su ne shaidar cewa abin ya yi hidima. Abin da na fi so a ƙara shi ne rubutu: a ƙarƙashin kujerar, ko a cikin murfin akwatin, a rubuta da boko ko da ajami sunan mai ita ta fari, da garin da aka sassaƙa ta in an sani, da shekarar da aka gyara, domin baki yana mantuwa, tsofaffin da suka san labarin kuma kullum raguwa suke yi.

Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya cewa ba kowane tsohon abu ne ya cancanci wannan wahala ba. Wanda gara ta mayar da shi ɓawo, da wanda kuɗin gyaransa ya ninka na sabo mai inganci, da wanda ba yadda za a yi ya zama amintacce ga jariri, a haƙura da shi; in akwai katako mai kyau a jikinsa a cire a yi benci ko maratayin littattafai, sauran kuma, in mai fenti ne, kada a sa shi a murhu. Wanda gidansa ba yaro, ko kayan suka yi masa yawa, ya gyara ya ba maƙwabcin da aka yi wa haihuwa ba shi da halin saye, ko ya kai makarantar allo ko ta Islamiyya inda yara ke rubutu a kan gwiwa, ladan sadaka na nan yana gudana muddin ana amfani da abin.

Shawarata ga magidanta ita ce, duk wanda iyalinsa ke da juna biyu kada ya jira sai ranar suna ta matso, a shiga gaggawa da neman rance. Ya nemi yardar magada tun da sauran watanni, ya kai wa kafinta aikin da wuri, tun da jibin kafinta kowa ya san tsawonta, ya biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwaruwa ba, ya kuma bar fenti ya bushe sosai kafin mai gado ya iso. Allah ya raya mana zuriya bisa tafarkin shiriya, ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a hannun masu sana'a.